Zazzaɓi, kafaɗa da fatauci sun raba ni da kwale-kwale: ta ina zan koma?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, shekarata 47, ina zaune a wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja, sana'ata fataucin shinkafa da busasshen tattasai. Shekara biyu da suka wuce aka auna ni aka ce jinina ya hau, 160 bisa 100, aka ɗora ni a kan magani, aka ce in riƙa motsa jiki. Mahaifina masunci ne, na iya tuƙi tun ina yaro, sai na riƙa aron kwale-kwalen kawuna ina tuƙawa bayan asuba, minti 45, sau biyar a mako. Tumbi ya faɗa, jini ya sauka, barci ya gyaru. A ƙarshen damina zazzaɓi ya kwantar da ni kwana 10, aka ba ni maganin cizon sauro, aka ƙara da na taifod. Kwana uku da tashina na koma ruwa na yi tuƙin da na saba, jiri ya ɗebe ni har na kusa kifewa, kafaɗar dama kuma ta riƙe. Mai ɗori ya murza ya yi mini tsaga, ina shan maganin ciwon jiki na kemis, har yanzu ba na iya kwanciya a kanta. Daga nan na yi kwana 18 a Legas. Yau wata biyu rabona da filafili. Maiɗakina ta ce in haƙura, kawu ya ce ba zai ƙara ba ni jirgi ba. Ga wata tafiyar na tafe. In bari ne, ko da yadda zan yi?

Wani mai karatu, daga Jigawa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ba na ganin ka bari. Abin da ya sauko maka da jini, ya gyara maka barci, kuma kake tashi da ɗokinsa, ba abin yarwa ba ne. Amma in ka sake karanta wasiƙarka a natse za ka ga zazzaɓin bai yi maka ɓarnar da ranar komawa ta yi ba. Kwana 10 a kwance, jiki na iya mayar da su. Minti 45 da ka ɗora wa jikin da bai gama warkewa ba su ne suka jawo jirin, suka jawo kafaɗar, suka jawo tsoron maiɗakinka da fushin kawu. Don haka abin da za mu gyara shi ne yadda kake komawa bayan kowane tsaiko, tunda mai fatauci a ƙasar sauro ba zai rabu da tsaiko ba.

Fara da sanin abin da zazzaɓin ya bari a jikinka. Ƙwayar cutar cizon sauro jajayen ƙwayoyin jini take fasawa, kuma su ne masu kai iska ga tsoka da ƙwaƙwalwa. Zafin jiki kan sauka cikin kwana biyu ko uku da fara magani, amma jinin da ya ragu sai ya ɗauki makonni kafin ya cika. Ka ƙara da rashin cin abinci, da gumi, da maganin hawan jini da kake sha a kan jikin da ya bushe, sai ka ga dalilin jirin ba ɓoyayye ba ne. Kafin ka taɓa filafili, je asibiti a auna maka hawan jini da yawan jini, wato gwajin da ma'aikatan lafiya ke kira PCV. Ka tafi da kwalayen duk magungunan da ka sha. Wannan na da muhimmanci saboda abu biyu. In cikin na taifod akwai ciprofloxacin ko ɗan'uwansa, an san irin wannan magani yana raunana jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, har bayan an gama shansa, kuma wanda ya yi aikin ƙarfi a kai ya fi shiga haɗari. Na biyu, maganin ciwon jikin da ake yawan bayarwa a kemis, diclofenac ko ibuprofen, yana ɗaga hawan jini, yana cin ciki, yana wahalar da ƙoda idan aka daɗe ana sha. Mai hawan jini da ya yi wata biyu a kansa yana rushe abin da ya gina da hannunsa. Ka dakata da shi har likita ya gani. Parasitamol ya fi sauƙi a gare ka, kada ya wuce ƙwaya takwas ta miligiram 500 a yini. Wanda ya miƙo maka tramol, ka ce masa a kai kasuwa.

Yanzu kafaɗa, wadda ita ce za ta fi cin lokaci. Mai ɗori yana da inda ya iya, amma a nan babu ƙashin da ya karye balle a ɗora. A kafaɗa akwai ƙananan tsokoki huɗu da suke riƙe kan ƙashin hannu a gurbinsa, jijiyoyinsu suna bi ta wani matsattsen wuri a ƙarƙashin ƙashin sama. Idan manyan tsokokin baya da na ciki sun gaji, kamar na wanda ya tashi daga jinya, sai mutum ya koma tuƙi da hannu zalla, duk nauyin ya faɗa kan waɗannan ƙananan. Ciwon da ke hana kwanciya a kan kafaɗa, yake kuma tashi idan ka ɗaga hannu za ka sa riga ko za ka ɗauko abu a saman kai, yawanci daga nan yake. Murza da ƙarfi kan ƙara fusata shi, tsaga kuma ba ta kai inda ciwon yake, sai dai ta buɗe ƙofa ga ƙwayar cuta, musamman ga mai shiga ruwan kogi. Ka gwada wannan a gida: tsaya, ɗaga hannun ta gefe a hankali har sama, sannan ka sauke shi sannu a hankali. In ya ɗagu da ciwo amma da ƙarfinsa, akwai kyakkyawan zato motsa jiki zai gyara shi. In ya ƙi ɗaguwa, ko yana faɗowa da kansa, ko yatsu suna mutuwa, ko ka taɓa jin kafaɗar ta goce ta koma, wannan na babban asibiti ne, Haɗeja ko Dutse, ka nemi ganin masu gashin ƙashi. In suka ga ya fi ƙarfinsu za su tura ka Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Tunda ma ciwon ya kai wata biyu yana hana ka barci, ni dai zan so a duba shi ko da gwajin ya yi kyau.

Abin da za ka riƙa yi wa kafaɗar ba ya buƙatar kuɗi. Dafa benci da hannun hagu, ka sunkuya, ka saki na dama yana lilo gaba da baya, sannan kewaye, minti ɗaya ko biyu, safe da yamma. Fuskanci bango ka riƙa hawa da yatsu har inda ciwo ya fara, ka tsaya a nan, ka sauko, sau 10. Sai wanda ya fi amfani: tsaya a bakin ƙofa, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, hannu a lanƙwashe kamar mai riƙe da kwano, ka tura bayan hannunka jikin ƙyauren kamar za ka buɗe shi waje, ba tare da hannun ya motsa ba, ka ƙirga 10, ka saki, sau biyar. Bayan mako biyu, in wannan ya daina ciwo, ka je wurin mai faci ya yanko maka tsohon tiyub na babur, faɗin yatsu biyu, tsawon kamu uku. Ɗaure shi a turke ko tagar ƙarfe daidai cibiya, ka ja zuwa ciki kana matse allunan kafaɗa biyu a baya, sau 12, zagaye uku, kwana uku a mako. Da robar nan kuma za ka yi wancan motsi na buɗe hannu waje, gwiwa manne da jiki. Ma'aunin shi ne gobe: ɗan ciwo lokacin yi ba laifi, amma in ka wayi gari ya fi na jiya, ka rage rabi. A wannan tsakanin kada ka ɗora buhu a kai ko a kafaɗa, ko da tsiya-tsiya yaran lodi sun yi jinkiri.

Ruwa kuwa sai ka cika sharaɗi uku: likita ya ce jinin ya isa, kana iya tafiyar sauri ta minti 30 a ƙasa ba jiri, kuma kana iya ɗaga hannu ka sauke ba tare da ka yamutsa fuska ba. Kafin nan tafiyar ƙasa ce abincinka, minti 15 a makon farko, kana ƙara biyar-biyar. Ranar da ka koma jirgi, minti 10 kacal, a ruwa kwantacce, kusa da gaɓa inda in ka faɗa ƙafa za ta taɓa ƙasa. Na san abin zai yi maka kama da wasan yara. Ka yi shi a haka, kwana uku a mako, ana tsallake rana. Mako na biyu minti 15, na uku 20, na huɗu 25 zuwa 30. Sai a mako na shida ko na bakwai za ka waiwayi minti 45, kuma ka fara ƙara kwanaki ne bayan mintunan sun zauna, kada ka ƙara duka biyun a mako ɗaya. Ga ma'aunin ƙarfi da ba ya buƙatar agogo: in ka wuce masunta kana iya amsa gaisuwarsu har ƙarshe, ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, numfashi bai tsinke ba, kana daidai. In sai ka ɗaga musu kai kawai, ka wuce gona da iri.

Tunda ka iya tuƙi tun yarinta ba zan koya maka riƙon filafili ba, sai dai tuƙin masunci da tuƙin mai neman lafiya sun ɗan bambanta. Masunci yana ja ya huta, ya duba koma, ya sake ja. Kai kana maimaita motsi ɗaya ɗaruruwan sau ba tsayawa, ƙaramin kuskure sai ya taru. Hannun sama kada ya wuce goshinka. Hannun ƙasa ya kusa miƙewa, ka juya daga ƙugu, ƙirji ya bi filafilin, ƙafa ta tokare ƙasan jirgi, yadda bayanka da cikinka za su ɗauki aikin. Filafili ya fita daga ruwa daidai kwankwaso. Duk abin da ka ja bayan nan ruwa kake ɗagawa sama, jirgi ba ya ƙara gudu, kafaɗa ce kawai ke biya. Ka riƙa sauya gefe bayan ja takwas ko 10, ko da hagu ba ta yi maka daɗi. In filafilin kawu irin mai faɗin baki ne mai nauyi, sa masassaƙi ya yi maka ƙarami marar nauyi. Gora kuwa, wadda ake tokarawa a tsaye hannu sama da kai, ita ce ta ƙarshe da za ka koma wa, haka ma fizgar jirgi idan ya maƙale a kacala ko jan sa zuwa tudu kai kaɗai. Sau da yawa a nan ake jin ciwo, ba a tuƙin ba. Kada ka riƙe numfashi lokacin ja, yana harba hawan jini. Kuma kullum ka fara da gaba da ruwa ko gaba da iska, don in ka gaji ruwa ya dawo da kai gida.

Maganar maiɗakinka, kada ka ɗauke ta a matsayin mai hana ruwa gudu. Ita ce ta yi jinyarka kwana 10, ita ce ta ji labarin ka kusa kifewa, ita ce za ta zauna da yara in wani abu ya faru. Gardama ba za ta cire mata tsoro ba, abin da ta gani da ido ne zai cire. Sayi na'urar awon hawan jini ta hannu, in ba hali ku riƙa zuwa ɗakin shan magani na garinku sau ɗaya a mako, ka ba ta littafi ta riƙa rubuta lambar. Ku yi yarjejeniya a fili: ranar da awo ya kai 180 bisa 110 babu ruwa, sai asibiti. Ranar da ka kwana da zazzaɓi babu ruwa. Ta san lokacin fitarka da na dawowarka. Idan ta ga lambar tana sauka a rubutun hannunta, ita za ta riƙa tashinka.

Kawu ma yana da hujja. Jirginsa ne, ɗan 'yar'uwarsa ne a ciki, in ka nutse shi dangi za su tuhuma har ya mutu. Kada ka aika yaro, ka je da kanka da ɗan goro, ka ce masa ka yi wauta, ka faɗa masa tsarin da ka ɗauka. Roƙe shi ya haɗa ka da ɗaya daga cikin samarinsa a makonnin farko, ka riƙa ba yaron na shayi. Sannan ka sayi rigar ruwa mai hana nitsewa a Kano, daidai jikinka, ka ɗaure igiyoyinta har ƙasa. Na san ɗan masunci zai ji kunyar sa ta a gaban mutanen da suka san babansa, za a yi maka dariya kwana biyu. Amma iya iyo ba ya amfanar wanda jiri ya sumar. Mutanen Kano ba su manta da jirgin da ya kife a dam ɗin Watari a Bagwai a 2021 ba, da ɗaliban Islamiyya da aka rasa. In kawu ya dage a kan a'a, ka girmama shi, ka nemi haya wurin mai fito, ko ku haɗa kuɗi da wani ku sayi ƙaramin jirgi na katako.

Sai tafiya, wadda ita ce za ta riƙa dawowa. Ka kwantar da hankalinka da wannan: mako ɗaya ba tuƙi ba ya rage komai da za ka ji. Daga mako biyu ne numfashi ke fara gajarta, ƙarfin tsoka kuma ya fi haka jimiri. Abin da ya fi daɗi, riƙe abin da aka samu ya fi samunsa sauƙi nesa ba kusa ba. Ɗan aiki kaɗan sau biyu ko uku a mako yana tsare yawancinsa, kamar garwashin da aka rufe da toka. Robar tiyub ɗin nan ta shiga jaka tare da buta. A masauki ka ɗaure ta a taga ka yi jan da ka saba. Ka zauna a bakin benci ka tashi ba dafawa, sau 15, zagaye uku. Ka zauna a tabarma, ƙafafu a miƙe, ka riƙe sanda kamar filafili kana juya ƙugu dama da hagu minti biyu. Jarkar ruwa mai lita biyar kilo biyar ce, ta isa a ja da hannu ɗaya ana dafe da benci, idan kafaɗa ta yarda. Duka minti 15 ne. Ka ƙara da tafiyar sauri ta minti 20 zuwa 30 bayan asuba kafin kasuwa ta cika. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a mako take nema ga baligi, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, kuma ba ta ce sai a ruwa ba.

Hanyar Legas kanta aiki ce. Wuni da kwana a zaune, ƙafa a lanƙwashe, ga kai mai hawan jini. Duk inda aka tsaya salla ko cin abinci ka sauko ka taka minti biyar, a cikin mota ka riƙa motsa idon sawu. Kada ka ƙi shan ruwa don gudun fitsari, wannan dabarar matafiya ce mai cutarwa. Maganin jininka ya zauna a aljihun riga, kada ya shiga kayan da aka ɗaure a bayan mota, kuma ka ɗebi wanda zai wuce kwanakin tafiyar da mako guda, tunda ciniki kan ja. Abincin tasha gishiri da dunƙule sun yi masa yawa, ka rage romo. Gidan sauro ma ya bi ka. In ka dawo ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, asibiti kai tsaye. In lafiya ka dawo, ranar farko barci, ta biyu tafiyar ƙasa, ta uku ruwa da rabin mintunan da ka bari, ka cike su cikin mako guda ko biyu gwargwadon daɗewarka.

Zazzaɓi zai sake zuwa, don haka ka riƙe ƙa'idarsa tun yanzu. In mura ce a hanci kawai, ba zafin jiki, kana iya tuƙi marar ƙarfi. Da zarar akwai zafin jiki, ciwon gaɓoɓi, tari daga ƙirji, amai ko gudawa, ka zauna, domin aikin ƙarfi a kan zazzaɓi yana iya taɓa tsokar zuciya. A yi gwaji kafin magani, in cizon sauro ne ka shanye na kwana ukun duka ko ka ji sauƙi a rana ta biyu. Bayan ka gama, zafin jiki ya yi kwana biyu bai dawo ba ba tare da parasitamol ba, sai ka fara da tafiya. Wani ma'auni mai sauƙi: kowace rana ɗaya da ka yi a kwance, ka ba ta kwana biyu na komawa sannu. Ka saba ƙirga bugun jininka a wuyan hannu na minti ɗaya kafin ka sauko daga gado. In ya fi na kullum da 10, jiki bai shirya ba, sai dai in maganinka irin su atenolol ne mai rage bugun zuciya, to ƙirgar ba za ta faɗa maka gaskiya ba, ka tambayi likita. Ciwon ƙirji, bugun zuciya ba tsari, ganin duhu-duhu, fitsari baƙi ko idanu rawaya, ko ɗaya ka gani, ka fito daga ruwa ka nemi asibiti ranar.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ya shafi duk mai shiga ruwan yankinku: tsargiya. Ƙananan dodon koɗi da ke ɗauke da ita suna son ruwa kwantacce mai ciyawa, irin bakin kacala inda ake ɗaure jirage, kuma ta fata take shiga. Sa dogon takalmin roba wajen shiga da fita, ka kwalfe ruwan da ya taru a jirgi kafin ka zauna, ka goge jiki da zarar ka fito. In ka ga jini a ƙarshen fitsari, ka faɗa a asibiti, maganinta praziquantel ne kuma yana aiki. Ita ma tana rage jini a ɓoye, don haka ka ambace ta ranar da za a yi maka gwajin.

Lokutan shekara ma tsaiko ne da za ka tsara da su. Agusta da Satumba, idan kogi ya cika ya yi ƙarfi, ko aka ji an sako ruwa daga dam ɗin Tiga ko na Challawa, watannin tafiyar ƙasa da roba ne, ka tuna yadda ambaliyar 2022 ta yi da Ringim, Auyo da Kafin Hausa. Da damina in hadari ya haɗo gabas ka nufi gaɓa tun kafin iskar ta iso. Da hunturu ka jira gari ya waye sosai, ka ɗumama kafaɗa minti biyar a tudu kafin ka shiga. Da bazara ka gama kafin ƙarfe takwas, da gorar ruwa a jirgi. Da azumi minti 15 zuwa 20 bayan asuba sun isa, ko ka mayar da shi tafiya bayan tarawihi, lokacin shan magani kuma likita ya gyara maka.

Tafiyar da ka ce tana tafe, ka yi gwajin jinin da duba kafaɗar kafin ka tashi, ka tafi da robarka, ka bar maganar jirgi sai ka dawo. Kawu kuwa ka je masa tun kafin ka tafi, don ya samu kwanakin da zai huce. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya, a gaida maiɗakin.